Yadda Ake Yanke Shawarar Barin Aiki ko Sana'a Don Wata Dama da Ta Fi

Akwai mutum biyu da kusan kowane mazaunin Sakkwato ya sani, ko da sunayensu sun bambanta daga unguwa zuwa unguwa. Na farko ma'aikaci ne da ya shekara goma sha biyar yana faɗa wa abokan hirarsa cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe a ofis, amma har yau kowace safiya yana kafe babur ɗinsa a inuwar dogon yaron da ke harabar sakatariya. Na biyu kuwa shi ne wanda ya yi sa'insa da shugabansa ko maigidansa da hantsi, kafin azahar ya ajiye makulli ya ce akwai inda ake jiransa, bayan wata shida kuma aka gan shi yana neman dattijon da zai raka shi ban haƙuri. Babu wanda ya zauna ya yi lissafi a cikinsu. Ɗaya tsoro ne ya riƙe shi, ɗaya fushi ne ya kore shi. Barin aiki ko sana'a domin wata dama da ta fi ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne daidai, sai dai shawara ce da ake yankewa da takarda da alƙalami, kuma akwai matakan da ya kamata a bi kafin a kai gare ta.

Fara da tantance abin da ke tayar da kai

Kafin ka dubi inda za ka, ka dubi abin da ya sa zaman ya ishe ka. Ka rubuta dalilanka duka a takarda ba tare da ka yi wa kanka kara ba, sannan ka raba su gida biyu: waɗanda za su wuce da kansu, da waɗanda za su ci gaba ko shekara nawa ka ƙara a wurin. Hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce ka tambayi kanka, da a ce gobe a yi wa shugaban da ke takura maka canjin wurin aiki, ko a biya ka bashin alawus ɗin da kake bi, shin za ka ci gaba da son tafiya? Idan amsar a'a ce, to matsalarka da mutum ɗaya ce ko da wani yanayi mai gushewa, kuma a aikin gwamnati musamman shugabanni zuwa suke yi suna wucewa, har ma'aikaci mai haƙuri yakan ga bayan darakta uku ko huɗu yana kan teburinsa.

Dalilan da ba sa wucewa suna da alamominsu. Kamfani ko makaranta mai zaman kanta da ta mayar da jinkirin albashi al'ada, wata biyu ko uku a jere sau da yawa cikin shekara, tana sanar da kai ne cewa kuɗin da ke shigowa ba ya ɗaukar nauyin da ke kanta. Wurin da ka shekara biyar kana maimaita abu guda, ba ka koyi wani sabon abu da za ka iya kai wa wani wuri ba, yana cin ƙuruciyarka ne ko da albashin yana zuwa a kan kari. Haka nan wurin da ake tilasta maka sa hannu a kan abin da ka san ƙarya ne, ko wanda yake cin lafiyarka har likita ya ja maka kunne. Waɗannan biyun na ƙarshe, a ganina, ba sa buƙatar jiran wata babbar dama. Da zarar an samu abin da zai riƙe gida, sai a tafi.

Ga ɗan kasuwa kuwa, aikin da ke gabansa shi ne ya bambanta tsakanin kasuwar da ta yi sanyi da sana'ar da zamaninta ya ƙare. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk mai hulɗa da Illela da Ƙonni ya ji a jikinsa a waɗannan lokuta, amma ciniki tsakanin Sakkwato da Nijar ya girmi iyakar kanta, kuma wanda ya sayar da rumfarsa a tsakiyar rufewar ya sayar da ita ne a lokacin da ba ta da daraja. Wannan daban yake da abin da ya samu masu kafa lema a bakin titi suna bayar da waya ana bugawa a biya, sana'ar da ta bunƙasa bayan zuwan wayar salula a 2001, ta kuma mutu da kowa ya mallaki tasa. Babu haƙurin da zai dawo da ita. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne littafin ciniki: idan shekara ta zagayo, da kakarta da daminarta da Sallarta, ka ga da uwar kuɗi kake cefane, haja tana raguwa a kanta ba ka iya mayarwa, alhali maƙwabtanka masu irin kayanka su ma haka suke, to lokacin neman wata hanya ya yi. Idan kuwa su suna ciniki kai kaɗai ne ba ka yi, gyara ne ake buƙata a rumfarka, kuma duk inda ka koma da halin da ya jawo hakan zai bi ka.

Auna damar kafin ka kira ta dama

Alkawarin baka ba aiki ba ne, ko daga bakin wa ya fito. Kada ka rubuta takardar ajiye aiki sai takardar ɗaukar sabon aikin tana hannunka, da sa hannu da hatimi, tana ɗauke da muƙaminka, da albashinka, da ranar farawa, da tsawon wa'adin gwaji, da sharuɗɗan rabuwa. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, amma kai da za ka saki abin da ke hannunka ba ka da dalilin jiran wata ukun nan. Wanda ya ce maka ka zo kawai ka fara, takarda za ta biyo baya, ka gaya masa cikin ladabi cewa za ka jira ta.

Bayan takarda, sai ka bincika inda kuɗin albashin yake fitowa, domin nan ne ƙarkon aikin yake. Ƙungiyoyin agaji da ke aikin lafiya da ilimi a jihar nan sukan biya ninkin abin da gwamnati ke biya, sai dai akasarin ayyukansu na kwantiragi ne, shekara ɗaya ko biyu, kuma sabuntawar ta dogara ga masu bayar da tallafi da ke wata ƙasa. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyuka da dama suka tsaya cak a Nijeriya ba tare da ma'aikatan sun yi laifin komai ba. Muƙamin siyasa ma haka yake: iyakarsa wa'adin wanda ya naɗa ka, wani lokaci ma ba ya kaiwa. Aikin banki kuma akwai na dindindin, akwai na kwantiragi ta hannun wani kamfani, wanda ake ɗora wa mutum adadin kuɗin da zai jawo kowane wata, kuma ba kowa ke sanin wanne aka ba shi ba sai ya shiga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake cewa kada a karɓa. Abin da ake so shi ne mutum ya san tsawon igiyar kafin ya zura guga.

Ka nemi mutanen da suka taɓa aiki a wurin suka bari, domin wanda yake ciki yana da abin da yake tsoro, wanda ya fita kuwa ba shi da shi. A gari irin namu, inda tsakaninka da kowa bai wuce mutum biyu ba, samun irin wannan mutum ba wuya. Ka tambaye shi ranar da albashi ke shiga, da mutum nawa suka riƙe kujerar da ake kiran ka a cikin shekara uku da suka wuce, da abin da ya fitar da shi.

Duk aikin da aka ce sai ka biya kuɗi kafin a ba ka gurbi, ka bar shi. Haka duk harkar da aka yi maka alkawarin riba tsayayya mai yawa kowane wata ba tare da ka ga hajar da ake saye da sayarwa ba. Waɗanda suka zuba kuɗi a MMM, wata harka irin wannan, sun ga yadda ta tsaya da kuɗin mutane a Disambar 2016, kuma irinta ba su daina fitowa da sabbin sunaye ba. Aikin ƙasar waje ma, Saudiyya ne ko wata ƙasa, ka karanta yarjejeniyar da harshen da kake ji, ka tabbatar da irin bizar da za a ba ka, kada ka tafi aiki da bizar ziyara ko ta Umara.

Lissafin abin da ke saura a hannu

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin suna kwatanta albashi da albashi, alhali abin da ya kamata a kwatanta shi ne abin da ke isa gida bayan an cire kuɗin da aikin kansa yake ci. Bari mu ƙaddara misali. Malami ne a wata sakandare a cikin gari, yana karɓar naira 120,000, yana zaune a gidan gado a Ƙofar Rini, ba ya biyan haya, man babur yana cin 15,000 a wata, saura 105,000 ke nan na gida. Sai aka yi masa tayin aiki a Abuja a kan naira 250,000. A ido, an ninka masa albashi har da ɗori. Amma mu ce ya kama ɗaki a bayan gari a kan 900,000 a shekara, wato 75,000 a wata. Motar zuwa aiki da dawowa 40,000. Abincinsa shi kaɗai, tunda an koma ɗora tukunya biyu, 45,000. Zuwa ganin gida sau ɗaya duk wata biyu a kan 50,000, wato 25,000 a wata. Jimla 185,000, abin da zai iya aiko wa iyali bai wuce 65,000 ba. Ya bar 105,000 ya koma 65,000, ga nisa da iyaye, ga hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Alƙaluman naka za su bambanta da waɗannan, amma haka ake jera su, kuma a jera su kafin a amsa tayi.

Lissafin bai ƙare nan ba, domin akwai abubuwan da ba sa fitowa a takardar albashi. Malamin nan yana tashi da azahar, yana da fadama a wajen Wamakko da yake leƙawa da yamma, shinkafar da yake nomawa tana ɗauke masa sayen hatsi na watanni. Yana cikin adashin ma'aikata, yana da ƙungiyar da ke ba shi rance ba ruwa lokacin azumi da Layya, 'ya'yansa suna Islamiyyar unguwa a kan kuɗi kaɗan. Duk waɗannan a sa musu farashi a rubuta. A ɗaya ɓangaren kuma a yi wa sabon aikin adalci: idan wuri ne da albashi ke ƙaruwa da ƙwazo, ko za ka koyi ƙwarewar da bayan shekara uku za a riƙa nemanka da ita, ko za a ɗauki nauyin karatunka, to ƙuncin shekarar farko yana iya zama jari. Saurayi marar iyali zai iya ɗaukar wannan kasada cikin sauƙi, magidanci mai mutum goma a wuyansa kuwa sai ya ninka taka-tsantsan.

Kada kuma a ɗauka cewa zama a inda ake ba shi da tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma duk wanda albashinsa bai motsa ba a cikin waɗannan shekaru an rage masa shi ne a kasuwa, ko da adadin da ke shiga asusunsa bai canza ba. Ka auna albashinka da kwanon gero da litar mai, na bana da na shekara uku baya, za ka ga ko ƙwai a baka ne kake riƙe da shi ko ɓawonsa.

Sai maganar fansho, wadda matasa ke raina wa har sai furfura ta fito. Ma'aikacin tarayya ko na kamfani da ke ƙarƙashin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka kafa a 2004 aka yi wa dokarsa gyara a 2014, yana da asusu da sunansa, ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, mai aikin yana ƙara aƙalla kashi 10. Wannan asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, lambarsa kawai za ka miƙa wa sabon wurin. Idan ka bar aiki kafin shekara 50 kuma ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, doka ta yarda ka ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ke ciki. Wanda yake kan tsohon tsari na fansho da garatuti kuwa, haƙƙinsa ya rataya ne a kan yawan shekarun da ya yi, saboda haka ya je ofishin da ke kula da fayil ɗinsa ya tambayi shekarun da suka rage masa kafin ya cancanci kowanne. Babban kuskure ne mutum ya ajiye aiki saura wata takwas ya cika adadin. Wanda kuma ya doshi shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa, inda akasarin ma'aikatan gwamnati ke ritaya, damar da za ta sa ya tafi kafin lokaci sai ta kasance babba ƙwarai.

Gwada ruwan da ƙafa ɗaya

Kakanninmu masu tafiya cin rani sun bar mana tsarin da ya dace da wannan magana. Sai an gama girbi an cika rumbu suke tafiya kudu, ba sa sayar da gona, kuma kafin ruwan shuka sun dawo. Wanda tafiyar ta karɓe shi yakan ƙara shekara, a hankali ya kafu can. Wanda ba ta karɓe shi ba yana da gonar da zai koma.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙofofi irin wannan a cikin dokokin aiki, kuma ya kamata ya ƙwanƙwasa su kafin ya yi murabus: hutun shekara, hutu ba albashi, hutun ƙaro ilimi, aron ma'aikaci zuwa wata hukuma, da mayar da shekarun aiki daga wata ma'aikatar gwamnati zuwa wata, kamar wanda zai tashi daga aikin jiha ya koma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin koyarwarta. Ba kullum ake amincewa ba, amma nema a rubuce bai ci maka komai ba. Sai dai a lura cewa jadawali na biyar na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati mai cikakken aiki gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma, don haka wanda ke son gwada kasuwa yana kan aiki ya san iyakar da doka ta gindaya masa.

Ɗan kasuwa kuma kada ya kwashe jarinsa duka rana ɗaya. Mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa da ke son komawa harkar hatsi ko siminti ya bar ƙanensa ko amintaccen yaronsa a rumfa, ya ɗebi kashi ɗaya cikin uku na jarin, ya bi wanda ya daɗe a sabuwar harkar ya yi kaka guda tare da shi. Kowace sana'a tana da ramin da sai wanda ke ciki ya san inda yake, kuma ya fi sauƙi ka faɗa shi da sulusin kuɗinka. Ma'aikacin da zai bar albashi ya shiga kasuwa, shi kuma ya tanadi kuɗin cefane na aƙalla wata shida a gefe, daban da jari, domin sabon shago ba ya ciyar da gida a watanninsa na farko, kuma jarin da ake cefane da shi ba ya ganin shekara.

Zaɓen lokaci

Shawara mai kyau takan lalace saboda an zartar da ita a watan da bai dace ba. Idan ƙarin girma yana hanya, ko takardar tabbatar da kai a aiki, ka jira ta fito, domin da matakin da ka fita za a auna ka a gaba. Idan akwai rancen banki da ake cira daga albashinka, ko gwamnati ta ɗauki nauyin karatunka bisa sharaɗin ka yi mata aiki na wasu shekaru, kamar yadda ake yi da likitoci da ma'aikatan jinya, ka warware wannan tukuna a rubuce. Malamin makaranta ya bari zango ya ƙare. Tela kada ya tashi a tsakiyar azumi da ɗinkin mutane a hannunsa. Mai kiwon raguna ya fita bayan Layya, mai albasa kuma da ya cika rudu, wato ma'ajiyar albasa, lokacin da ake cirarta tana araha, idan ya karyar da ita kafin farashi ya ɗaga ya zubar da wahalar shekara guda.

Game da wa'adin sanarwa, takardar ɗaukarka aiki ce abin dubawa na farko. Inda ba ta faɗi komai ba, dokar ƙwadago ta tanadi kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya kuma ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Manyan ma'aikata sukan sami wata ɗaya ko uku a yarjejeniyarsu, ko biyan albashin wannan wa'adi a madadinsa. Ka sanar da sabon wurin wannan tun farko. Mai ɗaukar aikin da ya matsa maka ka gudo ba sallama ya nuna maka yadda shi ma zai rabu da kai.

Shawara da istihara

Ka shawarci mutum biyu ko uku, kada su wuce haka, kuma su kasance waɗanda ba su da riba ko asara a tafiyarka. Dillalin da zai ci la'ada idan ka sayar da rumfa ba abokin shawara ba ne, haka abokin aikin da ke hangen kujerarka. Maiɗakinka ta ji maganar daga bakinka tun tana shawara, domin ita za ta riƙe gida a watannin ƙunci, kuma sau da yawa ta fi ka sanin abin da gidan ke ci a wata. Mace ma'aikaciya ma haka za ta zauna da maigidanta, musamman idan sabon aikin zai kai ta wani gari ko ya haɗa da kwanan asibiti. Iyaye a je musu da bayani cikakke, da alƙaluman a hannu, domin tsofaffinmu da yawa suna ganin barin aikin gwamnati tamkar zubar da gado ne, kuma lissafi a fili ya fi dogon lallashi kwantar musu da hankali. Bayan an gama bincike da shawara sai a yi istihara, raka'a biyu da addu'arta, a sa rana, a daina juya maganar a majalisa.

Yadda ake fita

Sakkwato ba ta da girman da mutum zai ɓata da wani ya ɓace masa. Wanda ka baro za ku haɗu a ɗaurin aure, ku haɗu a jana'iza, wataƙila ma shi sabon maigidanka zai tambaya game da kai. Saboda haka shugabanka ya fara ji daga gare ka, kai da shi, kafin takarda ta isa teburinsa, kafin kuma labari ya zaga ofis. Takardar ajiye aikin ta zama gajera: ranar da ka rubuta, ranar da za ka tafi, da godiya. Ba wurin zayyana laifin kowa ba ne, domin fayil yana daɗewa fiye da fushi. Ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Idan aka yi maka tayin ƙarin albashi don ka zauna, ka koma ga takardar dalilanka ta farko ka duba ko kuɗi ne kaɗai a cikinta. In akwai wasu, ƙarin ba zai taɓa su ba.

Ka rubuta bayanin miƙa aiki dalla-dalla, da ayyukan da ba a kammala ba, da kuɗi ko kayan da ke hannunka, wanda ya gaje ka ya sa hannu ya karɓa. Makulli, kwamfuta, katin shaida, babur ko motar ofis, duk a mayar a karɓi shaida.

Yaron shago da zai bar maigidansa ya buɗe nasa, lamarinsa ya fi na ma'aikacin ofis nauyi, domin tsakaninsu babu takarda sai amana da shekaru. Ya je da mahaifinsa ko wanda ya kawo shi tun farko, a zauna a ce, "Alhaji, yaronka yana neman albarkarka ya gwada tsayawa da ƙafarsa." A ƙirga haja tare, a buɗe littafin bashi, a san wanda ake bi da wanda ke bin shago, kafin ya miƙa makulli. Kada ya kafa rumfa a jikin ta maigidansa da irin kayansa, kada kuma ya bi abokan cinikin gidan ɗaya bayan ɗaya yana janye su. Wanda ya biyo shi da kansa wannan daban. Yaron da aka sallama da hannu biyu yakan sami kaya bashi daga maigidan nasa da kuma masu ba maigidan sari, kuma ga mai ƙaramin jari wannan ya fi kuɗin sallamar kansa amfani.

Masu haɗin jari su ma su raba gari a gaban shaidu, a rubuce. A mazhabar Malikiyya da muke bi, idan an ba mutum jari ya juya a raba riba, wato ƙiradi, kuma ya riga ya sayi kaya da shi, ɗayansu ba ya warware yarjejeniyar shi kaɗai sai kayan sun koma kuɗi, don haka mai juya kuɗin wani ba zai tashi tsakiyar kaka ya ce ya samu abin da ya fi ba. A kai wa malami masanin mu'amala ya duba rabon idan akwai saɓani, tun kafin ya kai gaban alƙali. Idan sunan kasuwancin yana da rajista a hukumar yi wa kamfanoni rajista, ko akwai asusun banki na haɗin gwiwa, ko sunanka ne a takardar hayar shago, a je a gyara su, domin bashin da aka ci da sunanka bayan tafiyarka kai za a nema.

Kafin ranarka ta ƙarshe, ka tattara takardunka wuri ɗaya: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, na ƙarin girma, takardun albashi na watannin ƙarshe, bayanin asusun fansho, takardar amincewa da murabus, da takardar shaidar aiki daga shugabanka tun yana kan kujerar kuma yana tuna ka. Ka ɗauki hotonsu da waya, ka ajiye na asali a gida cikin leda inda gara da ruwan damina ba za su kai ba. A watan farko a sabon wurin kuma ka duba asusun fanshonka ka tabbatar an fara zuba maka.